Jirgin Ƙasan Abuja: Me Ake Jayayya a Kai?

A watan Yulin 2018 aka buɗe jirgin ƙasan cikin birnin Abuja, wanda kamfanin CCECC ya gina da bashin ƙasar Sin. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, sai a Mayun 2024 ya dawo aiki.

Magoya baya na cewa babban birni ba ya cika sai da irinsa. Masu suka kuwa tambaya ɗaya suke yi: wa yake ɗauka? Layin ya taso daga tsakiyar gari zuwa Idu, filin jirgin sama da Kubwa. Ma'aikatan Nyanya da Mararaba, da ke kokawar shiga mota tun asuba, ko tasha ɗaya ba su samu ba. A ganina, can ya kamata a fara shimfiɗa layin.