Tsutsar da Ta Ratsa Kwamfuta Dubu Ɗari Tana Neman Gida Ɗaya

A watan Yunin 2010 wani koke ya iso ofishin VirusBlokAda, wani ƙaramin kamfanin maganin ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke Minsk, babban birnin Belarus. Daga Iran koken ya fito. Kwamfutocin wani abokin cinikinsu ne suka rikice: a kunna su, su ɗan taɓa aiki, su mutu, su tashi da kansu, su sake mutuwa. Ma'aikacin da aikin ya faɗo hannunsa, Sergey Ulasen, da farko ya zaci irin rigimar nan ce da manhajoji biyu kan yi idan jininsu bai haɗu ba. Da suka tona shi da abokan aikinsa, sai suka tarar da baƙuwa a ciki, wata tsutsa da babu kamfanin tsaron da ya san da zamanta.

Ta ina ta shigo? Ta filash. Wannan kaɗai ba labari ba ne. Duk wanda ya taɓa kai memorinsa wurin masu tura fina-finai da waƙoƙi a tashar Ƙonni ko kasuwar Dogarawa, ya dawo ya ga fayilolinsa sun yi ɓatan dabo, ya san filash na yawo da cuta. Sai dai tsofaffin ƙwayoyin suna buƙatar ɗayan biyu: ko mutum ya danna fayil da hannunsa, ko a bar wa kwamfuta damar kunna duk abin da aka soka mata, damar da masu lura suka daɗe da rufewa. Wannan ba ta jira ko ɗaya ba. Idan ka buɗe filash, Windows kan zana ɗan hoto kusa da sunan kowane fayil. Akwai wani nau'in fayil ƙarami wanda aikinsa kawai nuna inda wani fayil yake, kuma kafin Windows ya zana hotonsa sai ya ɗauko abin da yake nunawa. A nan ɓarakar take: maimakon ya ɗauko hoto ya tsaya, sai ya kunna abin gaba ɗaya. Kallon abin da ke cikin filash ɗin ya isa. Microsoft kansa bai san da wannan kafa ba, balle ya toshe ta.

Abu na biyu ya fi ɗaure kai. Windows ba ya sakin jiki da manhajar da za ta shiga can cikin ƙashinsa sai ta zo da hatimin kamfanin da aka sani. Tsutsar ta zo da hatimi, kuma na gaske ne, na Realtek, kamfanin Taiwan da kusan duk mai gyaran kwamfuta ya san sunansa ta wajen kayan sauti. Sato shi aka yi. Ɗan jarida Brian Krebs ya fasa ƙwan ranar 15 ga Yuli, aka soke hatimin, sai ga wani samfurin tsutsar ɗauke da hatimin JMicron. Kamfanonin biyu a unguwar masana'antu ɗaya suke, a Hsinchu. Ranar 2 ga Agusta Microsoft ya fitar da faci, ba tare da jiran ranar da ya saba fitarwa kowane wata ba. A lokacin tsutsar ta riga ta samu suna: Stuxnet.

Da yawa daga kamfanonin tsaro nan suka tsaya. An gano cuta, an ƙara ta cikin jerin abin da maganinsu ke kamawa, shi ke nan. Wasu ma'aikatan Symantec, Liam O'Murchu da Eric Chien da Nicolas Falliere, su ne hankalinsu ya ƙi kwanciya, kuma lissafi ne ya hana shi kwanciya. Kafar da maƙerin manhaja bai san da ita ba kaya ce mai tsada, ana saye ana sayarwa a ɓoye, kuma da zarar an yi amfani da ita aka gane, ta tashi aiki. Ɓarawon kuɗi idan ya samu ɗaya lallaɓa ta yake yi. Wannan tsutsa huɗu ta ƙona a tafiya ɗaya: ta filash ɗin nan, da wata a sashen da ke raba aikin buga takarda tsakanin kwamfutocin ofis, da biyu da ke ɗaga ta daga matsayin baƙo zuwa na mai gida. Ta haɗa da wata tsohuwa da aka yi wa faci tun 2008, don ta san ba kowa ke sa faci ba. Wane ne zai yi wannan almubazzaranci, kuma me yake nema?

Suka bi sawu. Duk kwamfutar da ta kamu takan aika saƙo zuwa adireshi biyu masu sunan ƙwallon ƙafa, ɗaya a Malesiya ɗaya a Denmak. Symantec ya sa aka karkato saƙonnin zuwa wurinsa, ya zauna yana ƙirga. Zuwa ƙarshen Satumba an ga kusan kwamfuta 100,000, kuma wajen kashi 60 cikin 100 a Iran suke, sai Indonesiya da Indiya. Cutar kwamfuta ba ta saba zaɓar ƙasa haka ba.

Ga kuma halinta. Ba ta satar lambar banki, ba ta lalata fayil. Filash ɗaya kwamfuta uku yake harba, sai tsutsar ta goge kanta daga cikinsa. An rubuta mata ranar daina yaɗuwa, 24 ga Yunin 2012. A kusan duk inda ta shiga sai ta duba abu ɗaya, idan babu ta kwanta. Abin da take dubawa shi ne Step 7, manhajar Siemens da injiniyoyi ke amfani da ita wajen ba da umarni ga ƙananan akwatunan da ke sarrafa injuna. Akwatunan nan su ne ke buɗe famfo, su daidaita zafin tanderu, su tsayar da bel. Duk masana'antar siminti ta zamani, irin wadda muke gani a Malbaza, da ire-irensu take tafiya.

A nan ƙwararrun Windows suka kai iyakarsu, don yaren akwatunan nan daban ne. Wani Bajamushe a Hamburg, Ralph Langner, wanda sana'arsa ke nan, ya haɗa kayan Siemens a ɗakin gwajinsa ya sakar musu tsutsar. Ya ga ba kowane akwati take taɓawa ba. Sai ta duba samfurinsa, ta duba abin da aka jona masa da yawansu, idan bai dace da abin da aka kwatanta mata ba ta wuce. A Satumba ya fito ya ce wannan ba leƙen asiri ba ne, makami ne da aka ƙera don wuri ɗaya tak. Ya yi hasashen tashar nukiliya ta Bushehr da ke Iran. Ya gane ƙasar, bai dace da garin ba.

Lambobi ne suka warware sauran. A Nuwamba, da taimakon wani masani daga Holan, Symantec ya gano tsutsar na neman na'urorin da ke ƙayyade gudun inji mai aiki da lantarki, na kamfanoni biyu kawai, Vacon na Finlan da Fararo Paya na Iran, aƙalla guda 33, masu juyi tsakanin 807 da 1,210 a daƙiƙa ɗaya. Injuna kaɗan ne a duniya ke irin wannan gudu. Idan ta same su sai ta yi kwanaki tana kallo, sannan ta tura gudun zuwa 1,410 na minti 15, ta mayar da shi 1,064. Bayan kwana 27 ta dawo ta sauke shi zuwa 2 na minti 50, ta sake ɗagawa. Mai injin niƙa ya san abin da zai samu injinsa idan yaro na yi masa haka a ɓoye: ba ranar zai fashe ba, zai dai riƙa lalacewa ana zargin bakanike.

Mu a Nijar abin da ya biyo baya bai yi mana nisa ba. Shekaru da dama manyan motoci sun riƙa saukowa da yuraniyom daga Arlit, su bi ta Tawa, su faɗo babbar hanya a Tsarnawa su nufi Kwatano. A cikin wannan ƙarfe, nau'in da ke ba da wuta a tashar nukiliya, ko ya zama bam idan an tace shi sosai, bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Ana mayar da shi iska, a zuba cikin dogayen bututu masu juyawa da gudun tsiya, mai nauyi ya koma gefe, mara nauyi ya taru a tsakiya. A Disamban 2010 cibiyar David Albright da ke Washington ta nuna cewa 1,064 shi ne gudun da aka tsara wa bututun Iran samfurin IR-1. A Natanz, inda Iran ke tace yuraniyom a lokacin, ana jera su 164 a rukuni, kuma a wani sashe na tsutsar an ga rukuni shida na 164, wato 984. Bayanan masu sa ido na hukumar nukiliya ta duniya sun nuna an cire kusan bututu 1,000 a Natanz tsakanin ƙarshen 2009 da farkon 2010. Shugaban Iran na lokacin, Ahmadinejad, da bakinsa, ranar 29 ga Nuwamban 2010, ya amsa cewa an ba wasu bututunsu matsala ta hanyar manhaja, ko da yake ya ce kaɗan ne.

Saura tambaya ɗaya. Kwamfutocin da ke sarrafa Natanz ba a jone suke da intanet ba, to yaya aka kai gare su? Tsutsar na ajiye tarihin kowace kwamfutar da ta ratsa. Da aka bi wannan tarihi baya, sai ya tsaya a kan kamfanoni biyar na cikin Iran, masu harkar kayan masana'antu. Da ɗan gari akan ci gari: injiniyan da ke shiga da filash a aljihu shi ne gadar, ko ya sani ko bai sani ba. A Yunin 2012 David Sanger na jaridar New York Times ya ruwaito cewa aikin Amurka da Isra'ila ne, an faro shi zamanin Bush, Obama ya ci gaba da shi. Babu gwamnatin da ta amsa a hukumance.

A ganina abin da ya fi shafar mu ba Natanz ba ne, abin da ya faru da kafar ne bayan an fallasa ta. Cikin makonni ɓarayin gama-gari suka ɗauke ta, tsohuwar ƙwayar nan Sality ta sa ta cikin kayan aikinta. A 2014 kamfanin tsaro na Kaspersky ya ba da rahoton cewa har lokacin ana kai hari ta wannan kafa a kan miliyoyin kwamfutoci, a ƙasashe irin su Biyetnam da Indiya da Aljeriya, galibi masu tsohon Windows XP. A Maris 2015 kuma aka gano facin 2010 bai toshe ramin duka ba, Microsoft ya sake yin wani.

Tsakanin Galmi da Malbaza da Illela, kwamfutar makaranta ko ta shagon buga takardu sau da yawa ba ta hawa intanet, saboda tsadar data ko raunin layi, mai ita kuma ya ɗauka hakan kariya ce. Alhali faci ta intanet yake zuwa. Wadda ba ta hawa ita ce ke zaune da duk ramukan da aka haife ta da su, ga filash na kowa da kowa na shiga yana fita. An daina yi wa Windows XP faci tun Afrilun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma an rufe tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Haka manhajar shiga intanet: Chrome ko Firefox da aka shekara ba a sabunta ba, shafi ɗaya mai guba na iya buɗe ta, Internet Explorer kuwa an yi masa ritaya tun Yunin 2022. Mai kwamfuta biyu ya ware ɗaya don filash ɗin jama'a, ya hana ta haɗuwa da wadda ke riƙe da lissafin kuɗi ko sunayen ɗalibai, ko ta waya ko ta iska. Mai ɗaya kuma ya riƙa kai ta inda layi ke da ƙarfi ko sau ɗaya a wata, ya bar ta ta gama sauke facinta kafin ya kashe, kuma aikin yau da kullum ya yi shi a asusun da ba shi da ikon girka manhaja.