Jininmu da Lauje: Abin da Ya Sa Ɗalibi Zai San Jinotayif Ɗinsa

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunku, ƙasa da babban yatsa, ku ƙirga bugun da kuke ji na minti ɗaya. Idan kuna zaune a huce, za ku samu tsakanin 60 da 100. Zuciya ce ke tura jini, kuma a kwana ɗaya takan buga wajen sau 100,000.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya dawo daga jiki bayan ya sauke iskar oksijin, ya tura shi huhu. A can jinin zai zubar da gurɓatacciyar iska, ya ɗauki sabuwa, ya koma ɓangaren hagu, wanda ya fi kaurin tsoka domin shi ke aika jini tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Likitan nan Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya yi bayanin wannan ratse ta huhu, sannan William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen gaba ɗaya a 1628.

Masu dakon iskar su ne jajayen ƙwayoyin jini. Ɓargo ne ke yin su, cike suke da sinadarin himogulobin, kuma kowace takan yi kwana 120 tana aiki. Manyan jijiyoyi kamar titunan Nassarawa GRA suke, faɗi har da rara. Ƙananan kuwa sun fi kama da lungunan Kasuwar Kurmi: sai ƙwayoyin sun bi layi ɗaya, suna lanƙwasa jiki kafin su wuce. Lafiyayyar ƙwaya mai laushi ce, ba ta shan wahala.

A nan ciwon sikila, wato amosanin jini, yake shigowa. Mai sikila yana da himogulobin irin wanda ake kira S. Da oksijin ya yi ƙasa, sai ƙwayar ta ƙage, ta tanƙware kamar lauje, ta maƙale a lungu. Jini ya tsaya, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo mai tsanani ya taso a ƙashi, ƙirji ko ciki. Irin waɗannan ƙwayoyi kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, shi ya sa jini ke yawan ƙaranci, ido ya yi rawaya. Sanyin hunturu, ƙishirwa, zazzaɓin cizon sauro da aikin wahala duk suna tayar da shi. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo.

Sikila gado ce, daga uwa da uba a tare. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, yana iya girma bai san yana ɗauke da S ba. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zama SS. Mu lura da lissafin nan da kyau: ba a ce cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kaɗai zai samu ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya samun biyu ko uku a jere. Haka kuma jinotayif daban yake da rukunin jini. Wanda ya ce mana shi O ne bai amsa tambayar ba tukuna.

A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na jinotayif. Sai dai jin sakamako bayan an kai kuɗin aure kuma an sa rana abu ne mai ɗaci ga gidaje biyu. Gara mu sani tun muna makaranta. Jini kaɗan ake ɗiba, kuma sakamakon ba ya canzawa har ƙarshen rayuwa. Ku nemi iyaye su raka ku babban asibiti, kamar Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da aka fi sani da Asibitin Nassarawa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku adana takardar tare da ta haihuwa.

Idan kuma akwai mai sikila a ajinmu, ba rago ba ne, ba aikin iskoki ba ne, ba a kuma ɗaukar ciwon ta cin abinci tare. Mu tuna masa da shan ruwa, mu bar masa kujerar da ke nesa da taga lokacin sanyi, mu ara masa littafi idan ya yi fashi. In ya yi kukan ciwon ƙirji, numfashi ya yi masa wuya ko zazzaɓi ya rufe shi, a sanar da malami nan take a kai shi asibiti. Ranar 19 ga Yuni ce Ranar Sikila ta Duniya. Kafin ta zagayo, kowannenmu ya san haruffansa biyu.