Mujallar da Ke Faɗa Maka Wanda Ya Noma Abincinka

A shekarar 2002, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ojai da ke cikin kwari a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu mata biyu suka fara fitar da 'yar mujalla. Tracey Ryder ke rubutu da tsara shafuka, Carole Topalian ke ɗaukar hoto. Suka sa mata suna Edible Ojai, kuma ba ta da wani zance sai na abincin wannan kwarin: wa ke noman lemun zaƙi, wa ke gasa burodi, wane gidan abinci ke sayen kayan lambu daga gonar bayan gari, me ya nuna a wannan watan. Kyauta ake raba ta.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa, to mene ne abin bugawa a nan? Mai cefane a wajenmu yana bambanta albasar Galmi da ta Aliero, ya san lokacin da tumatirin Kadawa ke cika kasuwa, sau da yawa ma ya san mai sayarwar da sunansa. Wannan sanin shi ne ya ɓace wa yawancin Amurkawa. Manoma ba su kai kashi 2 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. Cefane a manyan kantuna ake yinsa, kaya a naɗe cikin leda, an ɗauko su a tirela daga wata jiha ko wata ƙasa, rani da hunturu kanta ɗaya kaya ɗaya. Ma'aikatar noma ta ƙasar ta daɗe tana lissafin cewa a duk dala ɗaya da aka kashe wajen sayen abinci, abin da ke isa gona bai wuce wajen santi 15 ba. Saura na masu sarrafawa ne, da masu sufuri, da masu kanti da gidajen abinci. Mutum yana iya shekara talatin a gari bai san cewa akwai mai kiwon zuma mil biyar daga ƙofarsa ba.

A farkon 2004 babbar mujallar abinci ta Saveur ta saka Edible Ojai cikin jerin abubuwa ɗari da take yabawa duk shekara. Nan take mutane daga wasu garuruwa suka fara neman yadda za su yi irin tasu. A shekarar ne matan biyu suka kafa kamfanin Edible Communities, aka kuma fara fitar da ta yankin Cape Cod. Daga nan sai Boston, Brooklyn, Manhattan, Toronto, Vancouver, har adadin ya kai wajen tamanin a Amurka da Kanada.

Tsarin kasuwancin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke bayyana ƙarfin waɗannan mujallu da rauninsu gaba ɗaya. Mai son buɗewa yakan biya kamfanin kuɗin izinin amfani da sunan, ya samu taimako wajen tsari da bugu, amma mujallar tasa ce. A yankin yake zaune, shi ke zaɓen labari, shi ke yawon neman talla. Yawancinsu sau huɗu suke fita a shekara, suna bin sauyin yanayi, tunda abin da gona ke bayarwa a bazara daban yake da na kaka. Ana ajiye su a kasuwar manoma, da kantin unguwa, da gidan abinci, kowa ya ɗauka. Kuɗin bugu daga talla yake fitowa, kuma masu tallar galibi ƙananan 'yan kasuwa ne da ba za su taɓa iya biyan shafi a mujallar ƙasa baki ɗaya ba: mai yin cuku, mahauci, mai gonar tuffa. Ga irin waɗannan, shafi guda a mujallar da maƙwabtansu ke karantawa ya fi musu amfani.

Abin ya kuma zo a kan gaɓa. A 1994 kasuwannin manoma da gwamnatin Amurka ta ƙidaya 1,755 ne. Zuwa 2013 sun haura 8,000. Akwai kuma wani tsari da ya fara a ƙasar tun 1986, inda iyali ke biyan manomi kuɗi kafin shuka, shi kuma ya riƙa kawo musu kwandon abin da gona ta bayar duk mako. In shekara ta yi kyau su ci tare, in ta ɓaci su yi hasara tare. Irin wannan cinikin amana yake buƙata, amana kuwa sai an san mutum. Aikin da mujallar ke yi ke nan: ta buga hoton manomin da laka a takalminsa, ta faɗi inda gonarsa take, da ranar da yake zuwa kasuwa, sannan ta koya wa mai karatu yadda zai dafa ganyen da bai taɓa gani ba. Mai gidan abinci yakan gano mai kawo masa kaya ta nan, manomi kuma ya gano cewa akwai wani a ƙetaren tsauni mai fama da irin matsalarsa.

A 2009 Gourmet, babbar mujallar abinci da ke fita tun 1941, ta rufe bayan kuɗin talla ya ja baya. Ƙananan mujallun nan kuwa suka ci gaba da fita, har a 2011 gidauniyar James Beard, mai karrama masu harkar abinci, ta ba rukunin Edible Communities lambar mujallar shekara. Wannan duk a lokacin da jaridun ƙananan garuruwa ke mutuwa: tun 2005 Amurka ta rasa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na jaridunta.

Sai dai kada a yi musu yabon da ya wuce kima. Mujallar da cinta da shanta ke hannun masu talla, kuma editanta ke haɗuwa da su a kasuwa duk Asabar, da wuya ta fito ta ce abincin wane ba daɗi ko wane yana cutar ma'aikatansa. Yabo ya fi yawa a shafukan. Masu karanta su ma galibi masu hali ne, waɗanda za su iya biyan ninki don ƙwai na gonar kusa. Mai neman abin da zai ƙosar da 'ya'yansa da ɗan albashi ba lallai ya ga kansa a ciki ba. Babban giɓin a ganina shi ne na leburori. Mafi yawan masu aikin ƙwadago a gonakin Amurka haifaffun Meziko ne, kuma a gundumar Ventura da Ojai ke cikinta su ke tsinke lemun tsami da fiya da ake alfahari da su. Mai gona ya fi samun shafi da hoto mai kyau, wanda ya sunkuya tun asuba kuwa sai jefi-jefi. Akwai editocin da ke taɓo albashin leburori, da tsadar filin noma, da unguwannin da ba su da kantin kayan lambu, akwai kuma waɗanda ba sa wuce girki da hoton teburi. Tunda kowace mujalla da mai ita, wannan bambancin daga gari zuwa gari yake.