Jan bulo na zane a bangon siminti

A Gaya, inda gada ta haɗa Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin, ruwan sama yana kai kimanin milimita 800 a shekara. Shi ya sa masu gida suke kare bango da shafen siminti. Wasu kuma sukan sa magini ya zana shafen ya yi kama da ginin jan bulo.

Ga yadda ake yi. A kwaɓa siminti awo 1 da yashi awo 4, a shafe bango. A bi da siminti mai garin jan launi, amma kada garin ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin siminti. Kafin shafe ya bushe, a ja igiya, a zana layuka da bakin ƙusa. Sannan a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7 don kada ya tsage.

Sai dai jama'a su kula. Siminti ba ya kama bangon laka sosai. In ruwa ya shiga ta tsaga, laka takan jiƙe a ɓoye har bango ya rushe. Saboda haka mai sayen gida ya ƙwanƙwasa bango tukuna. In ya ji amo kamar na ganga, shafe ya riga ya rabu da laka.