Mako Shida Kan Keke a Ƙasar Inabi

Ranar farko da muka hau keke a lardin Burgandi na ƙasar Faransa, da yunwa muka wuni. Mun bar garin Beaune da hantsi, muka bi siririyar hanyar da ta ratsa gonakin inabi zuwa Santenay, tafiyar kimanin kilomita 22. Muna tafe muna tsaye-tsaye a ƙauyukan Pommard da Volnay da Meursault, ba mu ankara ba sai da ƙarfe biyu ta gota. Duk gidan abincin da muka leƙa, sai a ce an sauke tukunya sai kuma da dare. Guntun burodin da ya rage cikin jaka shi ya cece mu. Ashe a ƙauyukan nan abincin rana yana da lokacinsa, watau daga sha biyu zuwa biyu, wanda ya makara kuwa sai haƙuri.

Mu huɗu ne, mun kuwa zauna mako shida, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba na 2022, a ɗakunan haya na wani dattijo manomin inabi. Shi ya ba mu shawarar mu rabu da mota, domin mai mota wucewa kawai yake yi, mai keke ne ke sanin ƙasa. Gaskiyarsa. Ƙafafunmu ne suka koya mana inda tudu ya fara da inda ya ƙare, a nan kuwa asirin yake: kuringar da ke tsakiyar gangare, tana fuskantar fitowar rana, ita ta fi daraja. Kowace gona tana da sunanta da iyakarta tun kaka da kakanni. Irin waɗannan gonaki guda 1,247 ne hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Babban rabo na wannan aiki na 'yan zuhudu Kirista ne, na Cluny da aka kafa a shekarar 910, da na Cîteaux da aka kafa a 1098. Sun bukaci ruwan inabi domin Jibin Ubangiji da karɓar baƙi, sai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna lura da halin kowace ƙasa, suna kewaye gonaki da katangar dutse. Mun je Cluny ɗin ta tsohuwar hanyar dogo daga Givry, wadda aka mayar ta masu keke a 1997. Ba mota, ba hawa mai wuya, sai shanu farare suna kiwo hagu da dama.

Amma babbar makarantar tana kan tebur. Ran Lahadi bayan sujada, abincin rana a gidan maigidanmu yakan ci awa uku. Ba a haɗa kome a kwano ɗaya. A fara da dodon koɗi da aka gasa da man shanu da tafarnuwa, a kawo nama, a kawo cuku, kana a rufe da kayan zaki. Akwai wani cuku na garin Époisses wanda warinsa kan cika ɗaki, amma duk wanda ya tashi da daddawa ba zai yi masa gori ba. Ba mai tashi sai kowa ya gama, yara ma suna zaune ana hira da su.

A kan teburin nan ne muka gamu da jarrabawa. Mu dai a ikilisiyoyinmu mun tashi ba mu shan abin da ke bugarwa. Shi kuwa dattijon, kwalbar da ya ɗauko ba abin sha ba ce kawai a wurinsa. A watan Afrilun 2021 wani sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone tohon inabi a faɗin Faransa, shi da iyalinsa suka kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunyoyi, duk da haka abin da suka tsira da shi kaɗan ne. Daga guminsa yake so ya zuba mana. Mu ƙi, mun raina wahalarsa. Mu karɓa, mun ci amanar lamirinmu.

Babban cikinmu ya yi ta maza, ya gode masa, ya bayyana dalilinmu a fili ba tare da kushe nasa ba. Ɗakin ya yi tsit. Can sai uwargidan ta tashi ta nufi wurin matsewa, da yake kaka ce, ta dawo da tulu cike da ruwan inabin da aka matse da safen nan, bai fara tsami ba. Muka ɗaga kofunanmu tare da nasu. Daga ranar, tulun nan bai ƙara ɓacewa daga tebur ba.

Kada mu ɓoye muku, ko a tsakaninmu an sami saɓani. Shahararren dafinsu naman sa ne da ake dafawa awa da awa cikin jan ruwan inabi. Yawancin barasar takan fice da tururi, ko da yake ba duka ba. Biyu suka ci, biyu suka bari, ba kuwa wanda ya hukunta ɗan'uwansa. Mun kuma lura masu masaukinmu da awo suke sha, tare da abinci, kuma a dokar ƙasar ko mai keke aka kama a buge sai ya biya tara.

Duk wanda Allah ya kai shi can, shawararmu uku ce. Ya nemi keke tun ranar farko. Ya kasance a bakin tebur kafin ƙarfe ɗaya. In kuma ba ya sha, ya faɗa tun da wuri, da ladabi da sakin fuska. Ranar da za mu taho, dattijon ya rako mu har bakin hanya, ya ɗaura mana kwandon inabi a bayan keke, ya ce mu ci kafin mu isa tashar jirgi.