Wusasa da Cocinta na Jar Ƙasa

Wusasa ƙauye ne a gefen Zariya wanda ya girma a inuwar coci. A 1905 Likita Walter Miller, ɗan mishan na CMS daga Ingila, ya zauna a cikin birnin Zazzau, yana ba da magani yana koyar da boko. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa masarauta da Turawan mulki daɗi ba, don haka a 1929 aka mayar da shi Wusasa. Can aka gina cocin St. Bartholomew da jar ƙasa, ginin Hausa sak, da kauri da bakan gizo irin na soron sarakuna. Makaranta da asibitin St. Luke suka kafu kusa da ita. A nan Janar Yakubu Gowon ya taso.