Yadda Ake Sassaƙa Gogen Turawa da Hannu

Gabatarwa

Gogen Turawa, wanda ake kira bayolin, abin kiɗa ne mai tsirkiya huɗu da ake gogawa da bakan izgar doki. Ya bambanta da gogen Hausa, wanda ake yi da ƙwarya a rufe ta da fata, domin shi jikinsa duka na itace ne. Siffarsa ta yanzu ta kafu ne a arewacin Italiya a ƙarni na 16, musamman a garin Kiremona, inda Andrea Amati ya kafa gidan sana'ar. A garin ne kuma Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya shahara. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a ta Kiremona cikin al'adun da duniya ta gada.

Zaɓen Itace

Goge ɗaya yakan ƙunshi guntaye kusan 70. Ana yin fuskarsa da itacen sufurus saboda rashin nauyinsa da saurin ɗaukar amo. Bayansa da gefunansa da wuyansa kuwa da itacen mefil ake yin su, domin ya fi tauri. Allon da yatsu ke danna tsirkiya a kansa ana yin sa da wani baƙin itace ɗan'uwan kanya. Kafin a taɓa itacen, sai an ajiye shi shekaru ya bushe sarai, don kada ya tsage ko ya karkace daga baya.

Matakan Aiki

Da farko masassaƙi yakan fere gefuna har kaurinsu ya zama kamar milimita 1, ya lanƙwasa su a jikin ƙarfe mai zafi, sannan ya ɗora su a kan wani katako mai siffar gogen. Daga nan sai ya sassaƙa fuska da baya, ya yi musu doro ta waje, ya rarake cikinsu. Wannan shi ne mataki mafi wuya. Kaurin fuska bai cika wuce milimita 3 ba. Idan ta yi kauri amo ya toshe, idan ta yi siriri ƙwarai ta kasa ɗaukar nauyin tsirkiya. Tun da yake babu itace biyu masu hali ɗaya, awo kaɗai ba ya wadatarwa. Saboda haka masassaƙi yakan riƙa lanƙwasa allon da hannu, yana ƙwanƙwasa shi yana saurare.

Bayan haka sai ya huda kafofi biyu na fitar amo a fuska, ya manna doguwar sanda ta cikinta, ya haɗa jikin da danƙon da aka dafa daga fatar dabba. Amfanin wannan danƙo shi ne ana iya buɗe gogen a gyara ba tare da an fasa shi ba. Sai a dasa wuya, a shafa man ƙyalli sau da yawa. A ƙarshe akan tsayar da wani ɗan tsinke tsakanin fuska da baya, wanda Italiyawa ke kira ran goge, sannan a kafa jaki a ɗaura tsirkiya.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa daɗin muryar goge ya dogara ne ga yadda masassaƙi ya san halin itacen da ke hannunsa. Wannan sani kuwa a gaban maigida ake samun sa, bayan shekaru ana koyo.